Ruwan Shuka da Takardar Turanci

Kwanan baya wani matashin malami da aka turo tsohuwar makarantarmu ya zo gaishe ni, ya tarar ina duba wa jikata aikin gida a zaure. Ya leƙa littafin ya yi murmushi ya ce, "Au, konkod ne, Baba? Ai wannan darasin mako guda ne. Mai aiki tilo, aikatau tilo, mai aiki jam'i, aikatau jam'i, shi ke nan. Ni ta waya ma nake tura wa yarana shi." Na sauke tabarau na dube shi tun daga takalminsa mai tsini har askinsa, na rasa ta inda zan fara. Abin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa, na yi furfura a kansa, shi ne yau ake cinyewa a mako guda. Na ce ya zauna a dama masa fura, ya ce sauri yake yi. To, ga abin da na so in gaya masa, shi da ire-irensa.

Ga wanda bai sani ba, konkod shi ne daidaita wanda ya yi aiki da kalmar aikin a jimlar Turanci. Mu ma muna da shi a Hausa, sai dai da nono muka sha shi, shi ya sa ba ma ganinsa. Ba Bahaushen da zai ce "yara ya tafi gona" sai in dariya yake nema. Masu tsara jarrabawar fita sakandare sun san a nan ɗan ƙauye yake tuntuɓe in ya shiga Turanci, don haka a nan suke ɗana masa tarko. Su ba shi jimla da giɓi a tsakiya, su jera masa amsoshi masu kama da juna, ya zaɓi ɗaya ya cike gurbinta da fensir. Wanda kuwa ya faɗi Turanci, ko ya cinye sauran darussa duka, ba kwalejin da za ta buɗe masa ƙofa. Sana'ata ke nan: in tsallakar da ɗan manomi wannan takarda.

Aikin farko da aka ba ni shi ne goge allo. Na fito daga kwalejin horon malamai ina ji da kaina, aka tura ni wata sakandaren je-ka-ka-dawo a ƙauyukan gabas da Zakirai, aka haɗa ni da Mista Kwame, mutumin Ghana, wanda yake riƙe da 'yan ajin ƙarshe. Zangon karatu guda bai bar ni na buɗe baki a aji ba. Ina zaune a baya kamar ɗalibi, in ya cika allo in tashi in goge. Na ji haushi har na kai ƙara wurin shugaban makaranta. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce in koma in ci gaba da gogewa, kuma in riƙa buɗe kunne.

Hausar Mista Kwame ta zangon Kumasi ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Sai ya shigo aji ya ce, "Binta bai zo ba yau? Uwarsa ya hana shi?" Aji ya kece da dariya har da masu buga benci, ni ma a baya ina ƙunshe tawa. Ran nan ya bari suka yi mai isarsu, sannan ya rubuta "the boys goes" a allo, ya juyo ya ce, "Kun ji yadda kunnenku ya yi ciwo da maganata? Haka kunnen mai duba takardarku yake yi in ya ga wannan. Amma shi ba ya dariya. Jan biro yake sa wa." Da muka fito na ce masa, in yana so, zan riƙa gyara masa Hausarsa da yamma. Ya dube ni ya ce, da Hausa tsantsa wadda ko a cikin birni sai haka, "Malam Usaini, na san 'ya' da 'ta' tun kana rarrafe. In na gyara Hausata, da me zan koyar?" Ashe duk watannin nan mu ne yake yi wa dariya.

A wurinsa na koyi zancen jaki. Abin da yake fara rikita yaro shi ne harafin nan "s". In ya hau suna yana nufin da yawa, in ya hau aikatau yana nufin ɗaya. Mista Kwame sai ya ce su ɗauke shi kamar jakin gida guda da wa da ƙane suke tarayya a kai: in wa ya ɗauka ya tafi kai taki gona, ƙane sai ya jira, ba a hawansa su biyu. Duk ɗan da ya tashi a wannan yanki, inda gona take manne da gona kuma kowa yake rububin taki, ya gane wannan nan take.

Amma babban kayan aikin shi ne babban yatsa. Masu tsara tambaya sukan ajiye mai aikin can a farkon jimla, su cusa wasu kalmomi a tsakani, don yaro ya manta da shi ya bi na kusa. Su rubuta "the bag of groundnuts", su bar giɓi. Yaro ya ga gyaɗa tana da yawa, kuma ita ce dab da giɓin, sai ya ruga ya zaɓi jam'i, alhali buhun ake magana, kuma buhu ɗaya ne. Mista Kwame yakan sa kowa ya ɗora yatsa ya rufe kalmomin tsakiya, ya karanta abin da ya rage. "Nemo mai aikin tukuna," in ji shi, kullum, har yara suka sa masa suna da shi. Na gaji wannan magana, na faɗe ta har murya ta dushe. Yau ko a kasuwa na haɗu da tsohon ɗalibina, kafin gaisuwa sai ya ɗaga babban yatsa.

Sauran kayan aiki ba su da yawa, amma kowanne da wahalarsa. Allonmu siminti ne a jikin bango. In ya koɗe sai mu fasa tsofaffin batiran tocila, mu daka baƙin garin cikinsu, mu kwaɓa da ƙaro mu shafe, hannu ya kwana biyu bai wanku ba. Alli a gwangwanin madara nake ajiye shi, ko guntun da ya kai ƙwayar wake ba na yarwa. Akwai injin gurza takarda na hannu, wanda in ya so ya fitar da tambayoyi, in ya ƙi ya zubar maka da tawada a riga. Akwai tsofaffin takardun jarrabawa da Mista Kwame ya tara a akwatin kwano saboda gara. Sannan fensir. Ku da kuke ganin abin da sauƙi, kun taɓa koya wa wanda hannunsa ya saba da fartanya yadda ake cike ɗan gurbi da fensir? Danna shi yake yi har takarda ta huje. In ya yi kuskure kuma ya lashi yatsa ya goge da yawu. Yini guda cur nakan ware don wannan kaɗai, ba Turanci ko kalma ɗaya.

Iyaye kuwa mutanen kirki ne, sai dai kowa da fahimtarsa. Wani dattijo ya taɓa zuwa mini da zabuwa a hammata, ya zauna ya ce, "Malam, yaron nan shekara nawa yana Turancin nan. Yaushe zai sauke?" Na ce Turanci ba a sauke shi. Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya bar zabuwar duk da haka. Kuma akwai wata doka da ba wanda ya rubuta ta, amma ta fi duk dokokin makaranta ƙarfi: ranar da ruwan shuka ya sauka, kashegari ba makaranta. Ba kasuwa, ba shari'a a ƙofar dagaci, ɗaurin aure ma ɗagawa ake yi. Ƙasarmu rairayi ce, danshinta ba ya jiran kowa, wanda bai zuba iri da safiyar nan ba ya yi asara. Mu malamai ma mukan kulle aji mu tafi namu 'yan gonakin. Ba ta taɓa kawo mana matsala ba, domin a shekarun lafiya ana gama shuka kafin jarrabawa ta kankama.

Sai mummunar shekarar ta zo. Malamai 'yan Ghana suka tattara suka koma ƙasarsu, Mista Kwame ya bar mini akwatin kwano da 'yan ajin ƙarshe ni kaɗai. Daminar da ta gabata ta ƙi, gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Albashi sai a yi wata da watanni ba labari. Alli ya ƙare, na koma rubutu da farar ƙasa. Na ga gidajen da a da suke ba jaki dusa sun koma tankaɗe ta suna tuƙawa. A aji kana cikin bayani sai ka ga yaro ya kifa kai a benci, ka ɗaga murya za ka yi faɗa, na kusa da shi ya ce, "Malam, tun jiya bai ci komai ba." Sai ka haɗiye faɗanka ka koma kan allo.

A cikin ajin nan akwai Sagiru, dogo, siriri, mai ƙarancin magana. Ban taɓa koyar da mai kunnen Turanci irinsa ba, kafinsa ko bayansa. Jimlar da nake tsarawa don in kayar da aji duka, shi sai ya ɗora yatsa, ya ɗan motsa leɓe, ya faɗi amsa kamar yana ba da haƙuri. Burinsa ya tafi kwalejin ilimi ya dawo ya koyar. Akuyar innarsa aka sayar aka yi masa rajistar jarrabawa, kuma kowa ya san ba wata akuyar a bayanta. In bai rubuta a wannan karon ba, babu wani karo. Shi ne babban namiji a gidan, ƙannensa duk ƙanana. Mahaifinsa, Baba Idi, kurkunu ya kwantar da shi tun bazara, ƙafa ta kumbura ba ya iya taka ta. Irin geron da za su shuka kuwa, a tulu innarsa ta zuba ta liƙe bakin da laka, suka wuni da yunwa suka kwana da yunwa ba su fasa shi ba.

Ruwa ya makara ƙwarai a shekarar. An fita roƙon ruwa, an yi sadaka, sama tana nan fes kamar an share. Muka shiga jarrabawa cikin zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Ana gobe takardar Turanci, na tara su da la'asar don bita ta ƙarshe. Muna cikin yi sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya tsuge. Ƙarar kwano ta hana kowa jin kowa. Yara suka fita suna tsalle a cikinsa, ni ma na tsaya a baranda ina hamdala, hawaye na zuba mini. Da ya tsagaita na ce musu, "Gobe da sassafe. Kowa da fensir biyu da kilina." Suka ce, "To, Malam." Na tafi gida ina murna, har ina cewa a raina ga sanyi ya samu, ƙwaƙwalwa za ta buɗe.

Da safe na iso makaranta na tarar da sufabaiza, jami'in da aka turo daga birni da jakar takardu, yana tsaye a ƙofar zauren jarrabawa yana duba agogo. Na leƙa ciki. Benci a jere, lambobi a rubuce, mutane kuwa ba su kai na sahu guda a masallaci ba: 'yan mata kaɗan da 'ya'yan 'yan tireda. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Sufabaiza ya ce, "Malam, ina ɗaliban naka? Annoba aka yi?"

Na ce, "Ruwa aka yi."

Ya ce, "Na ga an yi ruwa. Ina ɗaliban?"

Na ce, "Sun tafi shuka."

Ya dube ni kamar na zage shi. Bai taɓa jin irin wannan ba, ni kuma da na san dokar garin tun tuni, ban taɓa kawowa a raina za ta hau kan jarrabawa ba. Ya ce lokaci na cika zai fasa ambulan. Akwai ɗan jinkirin da doka ta yarda a shigar da wanda ya makara, in ya wuce kuwa, ko ɗan gwamna ne ba zai shiga ba. Malamin darasi dama ba ya zama a zaure ranar takardarsa. Na ja kekena na fita da gudu.

Abin da na gani a hanya har yau in na rufe ido ina ganinsa. Gonaki cike da mutane har iya ganinka. Namiji a gaba da sungumi, doguwar fartanyar shuka, yana tafe yana sara, na bayansa da ƙoƙon iri yana zubawa yana binnewa da diddige. Kusan kowace gona da ɗalibina a ciki. Na tsaya a ta farko na ƙwala wa ɗalibina Habu kira. Mahaifinsa, Malam Barau, ya taho yana fara'a.

"Malam, barka da ruwa! Har ka gama taka shukar?"

Na ce, "Baba, yau jarrabawar Turanci! Ana can ana jiran Habu!"

Ya ce, "Yau? Ai an yi ruwa, Malam."

"An yi ruwa, amma jarrabawa tana nan."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam. Takarda bushewa take yi? Ku ɗaga zuwa jibi mana. Auren 'yar mai unguwa ma an ɗaga."

Na ce, "Baba, wannan takardar yanzu haka ana rubuta ta a Legas, ana rubuta ta a Maiduguri, duk lokaci guda. Ba mai ɗaga ta."

Fara'ar ta ɓace daga fuskarsa. Ya ce, "Su can ba a yi musu ruwan ba ne?" Wallahi ba gardama yake yi ba. Shi a saninsa ba a taɓa yin hukumar da za ta sa abu ranar shuka ba, in ma ta sa bisa kuskure, za ta ji kunya ta janye. Yaran su ma haka suka ɗauka. Da suka ce mini "To, Malam," ladabi ne kawai, sun tabbata ni ma da safe ina gonata. Malam Barau ya juya ya dubi ɗansa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ajiye ka tafi. Allah ya isa tsakanina da wanda ya tsara wannan abu."

Haka na bi gona gona ina ihu kamar mai shelar gobara. Wasu iyayen suka saki 'ya'yansu, yara suka ruga ba takalmi. Wasu suka ce sai an kai ƙarshen gona. Wani ya ce mini, "Malam, Turanci ake tuƙawa a gidanku?" ya juya mini baya. Ban tsaya ba shi amsa ba, domin hankalina yana kan gona guda, kuma ita ce mafi nisa, can bayan fadama. Na zaga ta kan tudu na isa.

Na hango Sagiru yana sara. Da na matso sai na ga mai zuba masa iri. Baba Idi ne. A zaune yake a ƙasa, ƙafar mai ciwo a miƙe an naɗe ta da tsumma, yana jan gindi daga rami zuwa rami, ƙoƙo a cinya, yana zuba iri yana binnewa da tafin hannu. Ya bar sawu a bayansa tun daga bakin gona kamar an ja buhu.

Na ce, "Sagiru, ba a ɗaga ba. Ana can za a fara."

Sungumin ya tsaya a sama. Ya dube ni, ya dubi mahaifinsa, ya dubi sauran gonar da ba a taɓa ba.

Na ce, "Kawo sungumin. Ga keke."

Ya ja da baya. "Malam, kai? Ina tsaye ka riƙe mini sungumi? Da wane ido zan kalli mutane?"

Na ce, "Ni ma a gona aka yanke mini cibiya. Kawo!"

Baba Idi ya ɗago kai, gumi na bin gemunsa, ya ce, "Sagiru, akuyar innarka ba za ta tafi a banza ba. Ba malaminka sungumin. Tafi."

Ya miƙo mini da hannu biyu. Na zaro fensir daga aljihu na ba shi, ya haye keken ya tafi. Na tuɓe riga na rataye a reshen gawo na kama sara. Muka yi ta yi ni da dattijon, ina gaba yana biye, ba mai magana sai in ya ce in ɗan rage sauri. Hannuna ya yi bororo ya fashe, ban damu ba. Raina fari ƙal. Ina sara ina hango Sagiru a kan benci ya ɗora yatsa a kan takarda. Rana ta take tsaka muka kai ƙarshen gona. Na goya Baba Idi zuwa inuwa, na dawo makaranta a ƙafa ina tafe ina waƙa.

A gindin darbejiyar da ke bakin ƙofar makaranta na ga kekena a jingine, laka ta rufe shi har sirdi. Kusa da shi ga Sagiru a zaune, laka har cinya, kafaɗar rigarsa ta yage, fatar wurin ta saluɓe. Fensirin yana hannunsa, ko tsininsa bai taɓu ba.

Na ce, "Har kun fito?"

Ya ce, "Ban shiga ba, Malam."

Na ji kamar an buga mini taɓarya a ƙeya. Da ƙyar na ciro labarin daga bakinsa. Don ya yi sauri sai ya yanke ta fadama. Laka ta cushe ƙafafun keken suka daina juyawa. Ya tura, ya ƙi. Sai ya saɓa shi a kafaɗa, ya ratsa fadamar da shi yana nutsewa yana fita, har makaranta. Ya iso an rufe ƙofa. Jinkirin da doka ta bayar ya wuce da ɗan abin da bai kai a sha ruwa ba.

Na ce, "Sagiru! Me ya hana ka yar da shi ka ruga? Da ƙafa ai da ka iso!"

Ya dube ni da mamaki, kamar ni ne na faɗi abin da hankali ba zai ɗauka ba. Ya ce, "Malam, kekenka ne fa."

Na ce, "To da aka hana ka, me ya sa ba ka dawo gona ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na kasa zuwa in tarar kana sara, in ce maka a banza ne."

Na shiga wurin sufabaiza na roƙe shi, na yi magiya, har na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba in ban da iyayena. Mutumin ba mugu ba ne, idonsa ya yi ja. Ya ce ya riga ya rubuta yaron bai zo ba, an ƙirga takardu an liƙe, in ya buɗe aikinsa ne zai tafi, kuma za a iya soke sakamakon makarantar baki ɗaya, har na waɗanda suka ruga daga gona suka samu shiga. Da zai hau babur ɗinsa sai ya zaro takardar tambayoyi da ta rage, wadda da ta Sagiru ce, ya miƙo mini.

Sagiru ya ce, "Malam, ba ni in gani." Na ba shi. Ya ɗora ta a gwiwa a nan gindin bishiya, ya goge hannu a wando, ya fara. Ina tsaye ina kallon babban yatsan nan mai laka yana rufe kalmomi yana buɗewa. Da ya gama ya miƙo mini ya ce in duba. Na ce me za a yi da dubawa. Ya ce, "Ina so in sani ne kawai." Na ciro jan biro na bi sashen konkod tun daga sama har ƙasa, ban sami inda zan sa masa kuskure ba ko guda. A duk shekarun da na yi ina duba takarda, ban taɓa ba da makin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba. Ya karɓa ya ninke ya ce, "Na gode, Malam. Bari in je in ɗauko Baba."

Geron da muka shuka ya yi, gidan ya fita daga yunwa. Amma kurkunun ya bar Baba Idi da gurguwar ƙafa, gona ta koma wuyan Sagiru, ƙanne suna tasowa. Shekarar da ta biyo na same shi da zancen sake rajista, har na ce zan nemo masa hanya. Ya ce, "Malam, in na tafi wa zai riƙe sungumin?" Bai sake zama a aji ba.

Ni dai daga ranar na gane cewa wanda zai koyar da Turanci a ƙasar nan, sai ya riƙa duba sama kamar yadda yake duba allo. Kowace shekara, da jadawalin jarrabawa ya fito, nakan bi gida gida in gaya wa iyaye ranakun da baki, in ce ko ruwa kamar da bakin ƙwarya aka yi ba a ɗagawa. Amma faɗa ba ya zuba iri a ƙasa. Wanda ya warware matsalar Sagiru ne. Shi ya fara zuwa wurina yana tambayar ranakun, da gidajen da suke da mai jarrabawa. In ruwan shuka ya faɗo a kan takarda, sai ya tara gayya, ya fara da gonakin waɗannan gidaje, tasa ta zo a ƙarshe. Yanzu shi ma gemunsa ya yi fari, kuma har yau bai fasa ba.

Bara ruwan ya sake makara, ya sauka ana gobe Turanci. Na kasa zama a gida, na sa jikana ya kai ni wajen gonakin bayan fadama. Na tarar da Sagiru da 'yan gayyarsa a gonar wani maraya, maza a jere da sunguma. Yaron yana tsaye cikin kayan makaranta, ya riƙe ƙotar sungumi ya ƙi saki, yana cewa kunya yake ji dattawa su yi masa shuka. Sagiru ya fizge sungumin, ya zaro makullin babur ɗinsa ya danƙa masa a hannu.

Ya ce, "In ka zauna, nemo mai aikin tukuna, kada ka bi na kusa."

Yaron ya ce, "To, Baba." Ya tayar da babur.

Sagiru ya riƙe kan babur ɗin, ya sunkuya dab da fuskarsa ya ce, "Saurara da kyau. In ya maƙale maka a fadama, yar da shi ka ruga. Ka ji ni? Nawa ne, na yafe. Yar da shi."

Yaron ya tafi. Sagiru bai dubi inda nake ba. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama sara.